Lasisin Aski da Kwalliya a Amurka: Garkuwa Ne Ko Shinge?



An ɗora mana nauyin yin magana a kan sana'o'in hannu da takardun shaidarsu. Fagen yana da faɗi, don haka muka ga ya fi kyau mu ɗauki sana'a guda a ƙasa guda, mu bi ta tun daga tushe. Sana'ar ita ce aski da gyaran gashi da kwalliya, ƙasar kuwa ita ce Amurka, inda mutum ba ya da ikon karɓar kuɗin aski sai gwamnatin jiharsa ta ba shi lasisi. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa a bayyane yake. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune gabanmu a aji, da aska da matsefi za su ci abinci gobe. Kitson da iyayenmu mata suka gada kaka da kakanni ya ƙetare teku, har ya shiga kotunan waccan ƙasa. Mu kanmu kuma masu lasisi ne, saboda haka tambayar da ake yi wa mai aski a can ba baƙuwa ba ce a wurinmu: wane ne ya cancanci ya yi aiki, kuma wane ne ke da ikon faɗin haka?

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, a Amurka babu lasisin aski na ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin tarayya da ke Washinton ba ta ba kowa izinin riƙe almakashi. Wannan hurumin jihohi ne, jihohin kuwa 50 ne, kowace da dokarta. Majalisar dokokin jiha ce ke kafa doka, sannan a naɗa hukumar da za ta kula da sana'ar, ta tsara manhaja, ta amince da makarantu, ta shirya jarrabawa, ta kuma hukunta mai laifi. A jihohi da yawa, mafi yawan mambobin wannan hukuma masu sana'ar ne da kansu, ko masu makarantun koyar da ita. Mu riƙe wannan batu a zuci, domin za mu sake cin karo da shi.

Lasisin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mai aski, akwai na mai gyaran gashi da kwalliya, akwai na mai gyaran farce, akwai na mai gyaran fata. A jihohi da dama, mai lasisin aski kaɗai ke da izinin ɗora tsirarar aska a fuskar mutum, ko da kuwa maƙwabciyarsa mai gyaran gashi ta fi shi daɗewa a makaranta.

Mai neman lasisi yana bin matakai. Da farko sai ya cika sharaɗin shekaru da na karatu. A Kalifoniya, alal misali, sai ya kai shekara 17, kuma ya gama aji na 10, wanda ya yi daidai da ajin farko na babbar sakandare a wurinmu. Daga nan sai ya shiga makarantar da hukuma ta amince da ita, ya cika adadin sa'o'in da doka ta yanka. A nan ne jihohi suka fi saɓa wa juna. Jihar Niyok tana neman sa'a 1,000 ga mai gyaran gashi da kwalliya. Jihohi masu yawa suna neman 1,500. Jihar Ayowa, a da, ta daɗe tana neman 2,100. Mu malamai mun saba da lissafin lokaci, don haka mu auna shi da ma'auninmu. Idan yaro yana yin sa'a biyar a aji kowace rana, sa'a 1,500 kwana 300 ke nan na makaranta, wato kimanin shekara ɗaya da rabi ta karatu. Wasu jihohi suna yarda a koya a hannun ubangida maimakon makaranta, amma sai su tsawaita lokacin. A Kalifoniya, mai bin wannan hanya sai ya yi sa'a 3,200 cikin shekara biyu.

A makaranta ana koyar da yanayin fata da gashi, da cututtukan da ke kama su, da yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, da sinadaran rini da na miƙar da gashi, da dokokin jiha. Ɗalibi yakan fara gwaji a kan mutum-mutumi, daga baya ya koma kan mutanen da ke zuwa shagon makaranta domin arha. Idan sa'o'i suka cika, aski ya zo gaban goshi, sai jarrabawa. Akwai ta rubutu, wadda galibi a kwamfuta ake yi. A jihohi da yawa akwai kuma ta aiki, inda mai jarrabawa zai tsaya yana kallon yadda ɗalibi ke wanke hannu, da yadda yake raba kayan da aka yi amfani da su daga masu tsabta, da abin da zai yi idan aska ta fitar da jini. Wanda ya ci sai ya biya kuɗi, a ba shi takarda ya rataye a bango inda kowa zai gani. Takardar tana da wa'adi: a Kalifoniya ana sabunta ta duk shekara biyu, a Niyok duk shekara huɗu. Shagon kansa yana da nasa lasisin, kuma masu duba shaguna suna iya faɗowa ba sanarwa. Wanda aka kama yana aiki ba lasisi, ana iya cin tararsa, ana iya rufe shagonsa, wani lokaci har a gurfanar da shi.

To, daga ina wannan tsari ya samo asali? A Turai ta da, mai aski ba gashi kaɗai yake yankewa ba. Yana fitar da jini, yana cire haƙori, yana fasa ƙurji, kamar dai yadda muka san wanzamanmu da ƙaho da tsaga da kaciya. Ja da farin da ke jikin sandar da ake kafawa a ƙofar shagon aski a can, ana danganta su ne da jini da bandeji na wancan zamani. A Ingila, a shekarar 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, an haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiya ɗaya, kuma ba su rabu ba sai a 1745. Bayan rabuwar, fiɗa ta koma hannun likitoci, mai aski ya tsaya a kan gashi da gemu.

A Amurka kuwa, ƙarshen ƙarni na 19 ne ya kawo sauyi. A 1887 ma'aikatan shagunan aski suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago. A 1889 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta shafi likitoci cewa jiha tana da ikon gindaya sharaɗin lasisi ga mai sana'a domin kare jama'a. A 1893 wani mai suna A. B. Moler ya buɗe makarantar koyon aski a birnin Shikago, irinta kuma suka bazu, suna yaye masu aski cikin 'yan makonni. A 1897 jihar Minisota ta zama ta farko da ta kafa dokar lasisin aski, sauran jihohi suka bi sawu a hankali. Abin lura a nan shi ne, ba masu zuwa aski ne suka fi matsa wa majalisu lamba ba, masu askin ne da ƙungiyarsu. Hujjarsu a fili ita ce lafiya, domin a lokacin akwai wata cutar fata da ke yaɗuwa a gemu ta hanyar aska da tawul marasa tsabta, har ake kiranta ƙaiƙayin mai aski. Amma akwai wata hujjar a ƙarƙashi: sababbin masu aski sun yi yawa, suna karya farashi. Masana tarihi sun kuma nuna cewa dokokin sun taimaka wajen ture baƙaƙen fata daga sana'ar da suka yi fice a cikinta tun kafin yaƙin basasar ƙasar. Ke nan tun ranar haihuwarsa, lasisi ya zo da fuska biyu, ɗaya tana kallon lafiyar jama'a, ɗaya tana kallon aljihun waɗanda suka riga shiga.

Adalci shi ne mu fara da fuskar farko, domin haɗarin da ake magana a kai ba tatsuniya ba ne. Aska da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta zuwa ga wani. Injin aski da matsefi suna yaɗa makero daga kai zuwa kai, wannan kuwa babu malamin firamaren da ke buƙatar a ba shi labari. Man miƙar da gashi yana da sinadari mai ƙarfi, idan ya wuce lokaci a ka yana ƙona fata, yana zubar da gashi. A shekarar 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Watsonville a Kalifoniya, mutum 110 suka kamu da miyagun ƙuraje a ƙafa daga shagon gyaran farce guda ɗaya. Da aka bincika sai aka gano ƙwayar cuta ta taru a matatar kwamin da ake jiƙa ƙafafu, saboda ba a cire ta a wanke. A 2011 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wasu mayukan santsin gashi da ke fitar da iska mai guba idan aka gasa su, wadda ke cutar da mai shago fiye da kowa, tunda ita ce ke shaƙarta kullum. Mai zuwa shago ba shi da hanyar gane waɗannan abubuwa da ido. Ya zauna, ya miƙa wuyansa ga baƙo mai riƙe da aska. Takardar da ke bango ita ce ke ce masa wani ya gwada wannan mutum, kuma akwai inda za ka kai ƙara idan ya cuce ka. Har ma jihar Ilinoi, daga 2017, ta wajabta wa masu gyaran gashi horon sa'a ɗaya a kan gane alamun matar da ake duka a gida, saboda sanin cewa mace takan faɗa wa mai gyara mata gashi abin da ba ta faɗa wa kowa.

Duk wannan gaskiya ne. Amma tambaya ita ce, sa'a nawa ake buƙata kafin mutum ya koyi kare jama'a daga waɗannan haɗurra? Idan sa'a 1,000 ta wadatar a Niyok, me ya sa a da sai 2,100 a Ayowa? Kan mutanen Ayowa bai fi na mutanen Niyok wuyar aski ba. A 2012 wata cibiyar lauyoyi mai suna Institute for Justice ta fitar da nazari a kan sana'o'i 102 na masu ƙaramin ƙarfi. Ta gano cewa, a matsakaicin lissafi, mai gyaran gashi yana buƙatar kwana 372 na horo, alhali ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, wanda ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, kwana 33 kawai ake nema a wurinsa. Ita wannan cibiya tana da ra'ayinta na son rage dokoki, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma a 2015 fadar shugaban ƙasa, zamanin Barack Obama, ta fitar da nata rahoton, wanda ya nuna cewa a farkon shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ne ke buƙatar lasisin jiha, amma adadin ya kai kimanin kashi 25. Rahoton ya yarda lasisi yana da amfani, ya kuma yi gargaɗin cewa idan ya wuce kima yana tsadar da kaya, yana hana talaka aiki.

Sa'o'i kuwa kuɗi ne. Wani nazari da waccan cibiya ta fitar a 2021 ya nuna cewa matsakaicin kuɗin makarantar gyaran gashi ya haura dala 16,000, kuma ɗalibai da yawa bashi suke ci su biya. Ga kuma watannin da mutum zai yi ba ya samun ko sisi. Ɗan mai hali ba ya jin wannan nauyi. Wadda ke jin sa ita ce uwa mai 'ya'ya, da baƙon da ya shigo ƙasar, da matashin da bai sami damar jami'a ba, wato ainihin mutanen da sana'ar hannu ta kamata ta zama musu tsani.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a batun kitso. Makitsiya ba ta amfani da aska, ba ta rini, ba ta shafa sinadarin miƙar da gashi. Hannunta ne da matsefi da tsinke. Mata daga Afirka ta Yamma sun kai wannan sana'a biranen Amurka, har unguwar Halem ta birnin Niyok ta shahara da shagunansu. Amma dokokin jihohi an rubuta su ne tun da daɗewa ba tare da tunanin kitso ba, sai hukumomi suka ce duk mai taɓa gashi don kuɗi sai ya mallaki cikakken lasisin kwalliya. Makarantun da ake tura su kuwa, yawancinsu ba sa koyar da kitso ko kaɗan. Wato a ce wa gwanar da ta iya shuku da zane tun tana 'yar shekara goma ta biya dubban daloli, ta koyi abin da ba za ta yi ba, a hannun wanda bai iya abin da take yi ba.

A 1997, a birnin Dalas na jihar Tekzas, 'yan sanda suka shiga shagon wata makitsiya mai suna Isis Brantley suka kama ta, laifinta kitso ba lasisi. Ta yi shekara goma tana fafutuka, sai a 2007 jihar ta ƙirƙiro lasisin kitso na sa'a 35. Da ta so ta koyar da wasu, sai aka ce sai ta mayar da makarantarta cikakkiyar kwalejin aski, mai kujerun aski 10 da wuraren wanke kai 5, alhali ɗalibanta ba aski za su yi ba. A farkon 2015 kotun tarayya ta ce wannan sharaɗi ba shi da ma'ana, kuma a cikin shekarar majalisar jihar ta cire kitso daga dokar lasisi gaba ɗaya. Shekara 18 ke nan tsakanin kamu da 'yanci.

A jihar Yuta kuma akwai Jestina Clayton, haifaffiyar Saliyo, wadda ta tsere wa yaƙin basasar ƙasarta. Ta koyi kitso tun tana yarinya, tana yi tana taimakon iyalinta. Dokar jihar ta ce sai ta yi sa'a 2,000. Ta je gaban hukuma ta roƙa, ba a saurare ta ba, sai ta tafi kotu. A 2012 alƙalin kotun tarayya ya ba ta gaskiya, bisa hujjar cewa mafi yawan abin da ake koyarwa da abin da ake tambaya a jarrabawa ba su da alaƙa da aikinta. A jihar Misisifi, wata mai suna Melony Armstrong ta tarar cewa kafin ta sami izinin koyar da kitso sai ta yi sa'a 3,200. Bayan ta shigar da ƙara, majalisar jihar ta sauya doka a 2005: makitsiya ta yi rajista da dala 25, ta amsa tambayoyi a kan tsabta, ta kama aikinta. Mata masu yawa suka yi rajista suka buɗe shaguna a fili. A yau fiye da rabin jihohin Amurka sun sauke wa makitsa nauyin lasisi, wasu kuma sun yi musu na daban mai sauƙi, kamar Niyok mai sa'a 300. A wurare da dama, masu adawa da sassaucin su ne makarantun kwalliya da masu riƙe da lasisi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Akwai wasu mutum biyu da shingen ke tarewa. Na farko shi ne wanda ya fito daga kurkuku. A jihar Niyok, wani mai suna Marc LaCloche ya koyi aski a gidan yari, a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na koya wa fursunoni sana'a. Da ya nemi lasisi, sai ita wannan gwamnati ta hana shi, wai tarihin laifinsa ya nuna ba shi da kyawun hali. Hannun dama ya ba shi aska, hannun hagu ya ƙwace. Ya rasu a 2005 yana cikin neman haƙƙinsa, sai bayan rasuwarsa aka gyara dokar. Na biyu shi ne wanda ya yi ƙaura. Lasisin jiha ɗaya ba ya aiki kai tsaye a wata. Mace mai shekara goma tana gyaran gashi, idan aka canja wa mijinta wurin aiki, tana iya tarar da cewa sa'o'inta ba su kai na sabuwar jiha ba, sai ta jira, ko ta koma aji.

Ba za mu ce Amurkawa sun naɗe hannu ba. A 2019 jihar Arizona ta zama ta farko da ta kafa dokar amincewa da lasisin da mutum ya zo da shi daga wata jiha. Tekzas ta rage sa'o'in gyaran gashi daga 1,500 zuwa 1,000. Kalifoniya, daga farkon 2022, ta rage nata daga 1,600 zuwa 1,000, ta kuma soke jarrabawar aiki. Daga 2023 wasu jihohi suka fara shiga wata yarjejeniya da za ta ba mai gyaran gashi damar aiki a dukkansu da lasisi guda. Muhawarar ba ta ƙare ba, domin masu sana'a da yawa suna ganin rage sa'o'i zubar da darajar aikinsu ne, kuma damuwarsu ba abin raini ba ce. Wanda ya sha wahala ya sami takarda yana da haƙƙin ya so takardarsa ta yi nauyi.

Masanin tattalin arziki Milton Friedman, a littafinsa na 1962, ya rarrabe matakai uku da hukuma ke iya bi da sana'a. Akwai rajista, inda mutum zai rubuta sunansa kawai don a san shi. Akwai takardar shaida, inda hukuma za ta tabbatar da wanda ya ƙware, amma ba ta hana sauran aiki. Akwai lasisi, inda wanda ba shi da takarda ba shi da ikon aiki sam. Ba sai mun yarda da duk ra'ayinsa ba kafin mu amfana da wannan rabe-rabe. Ingila, alal misali, ba ta wajabta lasisi ga mai gyaran gashi ba. Dokarta ta 1964 ta buɗe rajista ce ga wanda ya ga dama. Wannan ya nuna mana cewa tsakanin sakaci da ƙuntatawa akwai fili mai yawa.

Saboda haka, ga abin da muka fahimta daga wannan tafiya. Lasisi amana ce da hukuma ke ɗauka a madadin jama'a, kuma ma'auninsa shi ne cutar da yake karewa. Duk sharaɗin da za a iya nuna cutar da yake hanawa, garkuwa ne, a riƙe shi da kyau. Duk sharaɗin da ba a iya nuna hakan ba, shinge ne, ko da an yi masa fenti da sunan inganci. Wanke kwamin jiƙa ƙafa garkuwa ne. Kujerun aski goma a makarantar kitso shinge ne.

Idan muka waiwayo gida, za mu ga matsalarmu ta sha bamban da tasu. A wurinmu yaro yana koyon aski a hannun ubangida, yarinya tana koyon kitso da lalle a hannun uwa ko yaya, wanzanci kuma gado ne mai shugabanci, har da sarautar Sarkin Aska. Ƙofar a buɗe take, wannan kuwa alheri ne da bai kamata mu yi wasa da shi ba a lokacin da aikin gwamnati ya yi ƙaranci. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne garkuwar. Ubangida yana koyar da gwanintar hannu, amma ba kullum yake koyar da dalilin canja reza ga kowane kai ba, ko bambancin goge injin aski da buroshi da kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Akwai hanyoyin samun takardar shaida, kamar gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku, da jarrabawar hukumar NABTEB, kuma gyaran gashi da kwalliya yana cikin darussan sana'a na babbar sakandare. Ya kamata iyaye su san da waɗannan. Idan kuma wata rana wata majalisa ta tashi kafa dokar lasisi ga masu aski da makitsa, to mu ne ya kamata mu fara tambaya: wace cuta wannan sharaɗi zai hana, nawa zai ci wa talaka, kuma su wa za su zauna a hukumar? Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin doka ta zo, akwai abin da ke hannunmu tun yanzu. Darasin kiwon lafiya na firamare shi ne makarantar kwalliya ta farko, kuma ta ƙarshe, ga yawancin yaran da za su riƙe aska. Duban kai da farce da muke yi a layin safe dama ce ta bayyana wa yara yadda makero ke tafiya, da dalilin da ya sa ba a aron reza. Wannan ba ya buƙatar sa'a 1,500, yana buƙatar malami mai kula.

A ƙarshe, mu auna kanmu da mudun da muka auna wasu. Tun 1993 doka ta kafa hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, ana rubuta jarrabawar cancanta, ana sabunta lasisi, kuma takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar shiga aji. Cutar da malami marar sani ke yi ta fi ta aska zurfi, domin gashi yana tsirowa, shekarun yarinta kuwa ba sa dawowa. Don haka muna da hujjar kare lasisinmu. Amma hujjar za ta tsaya ne kawai muddin uban da ya kawo ɗansa yana ganin bambanci a karatun yaron, kamar yadda mai zuwa aski ke ganin tsabtatacciyar aska kafin ya ɗaga kai ya dubi takardar da ke bango.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a sana'ar kowa.